Tsohuwar Kwamfuta Da Sabon Allo: Darasin Kafanchan Kan Buɗaɗɗiyar Manhaja

KAFANCHAN — A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa manhajarsa ta Windows 10, in ban da ga waɗanda suka shiga wani shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Magajiyarta, wato Windows 11, ba ta karɓar galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin shekarar 2018. Wannan hukunci da aka yanke a can wata nahiya ya shafi shagunan buga takardu da makarantun koyon kwamfuta da ofisoshin ƙungiyoyin gama kai na kudancin Jihar Kaduna kai tsaye, domin kuwa yawancin na'urorin da suke aiki da su na hannu ne, waɗanda suka riga suka yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso Nijeriya.

Sayen sababbi kuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Kafin Gwamnatin Tarayya ta saki darajar Naira a watan Yunin 2023, ana canjin Dalar Amurka ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma. Ya zuwa watan Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Da yake daga waje ake shigo da kowace kwamfuta, farashinta ya bi sawun Dala. Manoman citta na Kaciya da Jaba da Jema'a, waɗanda kuɗinsu ke motsa kasuwannin yankin, su ma sun tafka asara a daminar 2023 sakamakon cutar da ta lalata gonaki masu yawa.

A irin wannan hali ne ake sake waiwayar wasu mutane da a da ake yi wa kallon masu ɓata lokaci, wato 'yan gwaje-gwajen nan da ke kwance tsohuwar kwamfuta su goge manhajar da ta zo da ita, su ɗora mata wata wadda ba a biyan ko kwabo a kanta. Abin da suka gano cikin shekaru ya ƙunshi nasara da kuma cikas, kuma dukansu biyu suna da darasi ga mai sayen na'ura.

Mece Ce Buɗaɗɗiyar Manhaja?

Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja da ke tuƙa ta, wadda ke haɗa madannai da allon kallo da ma'ajiyar bayanai, sauran manhajoji kuma su hau kanta su yi aiki. Windows ita ce mafi shahara, kuma mallakar kamfani ce: ana sayen izinin amfani da ita, amma ba a ganin yadda aka rubuta ta, balle a gyara. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka bar rubutun asalinta a fili, kowa na da izinin ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya raba wa wasu.

Wannan tafiya ta samo asali ne a shekarar 1983, lokacin da wani masanin Amurka, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU. A shekarar 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan manhajar da aka sani da Linux, shi ma a matsayin aikin sha'awa a ɗakinsa. Daga nan ƙungiyoyi da kamfanoni suka riƙa harhaɗa nasu samfurin: Debian a 1993, sai Ubuntu a 2004, wanda wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya ɗauki nauyi. Har zuwa shekarar 2011 kamfaninsa na Canonical yana aika faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, kuma ta wannan hanya ce matasa da dama a garuruwan da intanet ke da tsada suka fara ganin Linux da idonsu.

Abin Da Aka Gwada A Bayan Loko

Kafanchan, hedkwatar ƙaramar hukumar Jema'a, gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun shekarar 1927 ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya haura Jos. Da harkar jirgi ta durƙushe, aikin yi ya yi ƙaranci, unguwanni irin su Bayan Loko, wadda ta samo sunanta daga gidan gyaran kawunan jirgi, suka shiga wani hali.

A wannan unguwa ce Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a shekarar 1996, ta girke hedkwatarta. Ta fara ne da bai wa matan karkara ƙananan rance, sannan shugabanninta, ciki har da Dokta John Dada da Uwargida Kazanka Comfort, suka ƙara da koyar da kwamfuta ta amfani da na'urori na hannu da aka gyara. A shekarar 2001 cibiyar koyon da ke Bayan Loko ta lashe lambar yabo ta Hafkin, wadda ƙungiyar APC ta ƙasa da ƙasa ke bayarwa kan ayyukan sadarwa a Afirka. Daga baya gidauniyar ta buɗe makarantar horar da masu haɗa layukan kwamfuta ta Cisco, wadda aka bayyana a matsayin irinta ta farko a yankin karkara a Nijeriya.

Ba a daɗe ba aka gane cewa samun kwamfuta shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Wutar lantarki ba ta zama, idan ta zo kuma takan zo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara yana kashe ma'ajiyar bayanai. Saboda haka gidauniyar ta haɗa gwiwa da wani ƙaramin kamfanin Ingila, ExpLAN, a kan wata kwamfuta mai suna Solo, wadda aka tsara ta ba fanka ba wani sashe mai juyawa, tana cin wutar da ba ta kai wat 10 ba, yadda farantin hasken rana ɗaya zai wadace ta. Manufar ita ce a riƙa harhaɗa ta da gyara ta a cikin gida. Solo ba ta kai ga cika kasuwa ba, amma tunanin da ke cikinta, wato na'ura mai ƙarancin cin wuta a kan ƙwaƙwalwa samfurin ARM, shi ne wanda daga baya ya mamaye duniya a cikin wayoyin hannu da kwamfutocin allo.

Haka nan kuma, da tallafin cibiyar IDRC ta ƙasar Kanada da ƙwararru daga ƙasar Sweden, gidauniyar ta kafa ZittNet, wani layin intanet mara waya da ke ɗauko sadarwa daga tauraron ɗan'adam ya raba ta ga makarantu da asibitoci da sauran cibiyoyi a Kafanchan da kewaye, su kuma su yi karo-karo wajen biyan kuɗin. A shekarar 2007 wata guguwa ta kayar da dogon ƙarfen da ke ɗauke da eriyoyin, dole aka sake ɗaga wani. An kuma kashe kuɗi a kan batura da farantan hasken rana da horar da matasan da za su kula da kayan.

Mai nazarin tattalin arziki zai ga abu guda a nan: kuɗin da ake biya ranar sayen na'ura ɗan kaso ne na abin da za ta ci a tsawon rayuwarta. Sauran yana cikin wuta da gyara da kayan gyara da kuma samun wanda ya iya.

Inda Linux Ta Yi Rana

A kan tsohuwar kwamfutar tebur ko ta tafi-da-gidanka, aikin ɗan gwaje-gwaje ba shi da wuya. Zai sa Linux a filash, ya kunna na'urar daga filash ɗin, ya gwada ta ba tare da ya taɓa abin da ke ciki ba. In ya ga sauti da madannai da intanet suna aiki, sai ya girka ta. Samfurori marasa nauyi irin su Lubuntu da Linux Mint suna tashi a kan na'urar da ta haura shekara goma, wadda Windows ta zamani za ta sa ta yi ta jan ƙafa. Suna zuwa da LibreOffice don rubutu da lissafi, da Firefox don shiga intanet. Tun da sauke su na cin data mai yawa, mutum ɗaya kan sauke, sauran su kwafa, kuma doka ta yarda da hakan.

Amfanin farko da masu shagon buga takardu ke lura da shi ba na kuɗin lasisi ba ne. Sanin kowa ne cewa a kasuwanninmu kwafin Windows na bogi ya yawaita, don haka mutane da yawa ba su taɓa jin nauyin farashinta na gaskiya ba. Abin da ke jan hankalinsu shi ne ƙwayoyin cutar da ke yawo a filash daga shago zuwa shago suna ɓoye takardun jama'a: an rubuta su ne domin Windows, ba sa kama Linux. Na biyu shi ne tsawon rai. Samfurin Ubuntu mai dogon wa'adi yana samun gyaran tsaro kyauta na shekara biyar, bayan nan kuma a ɗora sabo a kan na'urar da ake da ita. Makarantar da ke da kwamfuta ashirin, idan ta ƙara musu shekara huɗu ko biyar na aiki, ta tsira da kuɗin da za ta iya sa wa a sola ko albashin malami. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, ya zama dole ɗan ƙauye ya saba da madannai kafin ranar jarrabawa.

Sai dai akwai cikas. Masu zanen katin biki da kalanda sun ginu a kan CorelDRAW, wadda ba a yi ta domin Linux ba. Akwai Inkscape da ke yin irin aikin, amma abokin ciniki yakan zo da aikinsa a tsarin da ya saba. Wasu injinan buga takardu da na ɗaukar hoton yatsa ba sa tashi sai da Windows. Mai neman aiki kuma yana son takardar shaidar da ke ɗauke da sunan manhajar da ofisoshi suka sani. Saboda haka da yawa kan raba ma'ajiyar na'urar gida biyu, Linux a ɓangare ɗaya, Windows a ɗayan.

Akwai kuma iyaka ga abin da manhaja za ta iya farfaɗowa. A shekarar 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Legas kowane wata, kuma 'yan kasuwar da ta zanta da su sun ce har kashi 75 cikin ɗari na iya zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Linux tana tsawaita ran mai rai ne, ba ta tayar da matacce.

Allon Da Ya Zo A Kulle

Da kwamfutar allo ta shigo, wato wadda 'yan kasuwa ke kira tablet, sai aka ga kamar an samu abin da ake nema a Bayan Loko tun farko. Ba ta da fanka, ba ta cin wuta, batirinta na kai wa awoyi, ƙaramin farantin sola ya isa ya cika ta. Bayan kamfanin Apple ya fito da iPad a shekarar 2010, masu araha da ke aiki da Android suka cika kasuwa. Android kuwa, wadda ta fito a 2008, a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. Wani matashin Nijeriya, Saheed Adepoju, ya fito da nasa samfurin mai suna Inye a kan kimanin Dala 350. A shekarar 2013 gwamnatin Jihar Osun ƙarƙashin Gwamna Rauf Aregbesola ta ƙaddamar da Opon Imo, da shirin raba alluna 150,000 ga ɗaliban sakandare.

Amma ɗan gwaje-gwajen da ya saba da tsohuwar kwamfuta, da ya juya kan allo sai ya tarar da ƙofa a garƙame. Dalilan guda uku ne. Na farko, kwamfutocin tebur galibi tsarin tashinsu ɗaya ne, shi ya sa filash guda ke tayar da yawancinsu; alluna kuwa kowane samfuri da nasa tsarin, manhajar da aka haɗa wa wannan ba ta tashi a kan wancan. Na biyu, ƙananan manhajojin da ke sa kyamara da gilashin taɓawa da eriya su yi aiki galibi sirrin masu ƙera sassan ne, ba a sake su ba. Na uku, kamfanoni da yawa suna kulle mashigar da ake bi a sauya manhaja, wasu ma ba sa ba da mabuɗin ko an roƙa.

Wanda ya yi sa'ar buɗewa ma bai gama ba. Kuskure kaɗan wajen abin da masu gyaran waya ke kira filashin na iya sa allon ya mutu murus. Garantin kamfani yakan faɗi. Wasu manhajojin banki kuma sukan ƙi aiki a kan na'urar da aka buɗe, wanda hakan babbar matsala ce ga mai sana'ar tura kuɗi.

Ba a rasa masu ƙoƙari ba. LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, tana sabunta Android a kan na'urorin da kamfanoninsu suka yi watsi da su. Shirin postmarketOS da aka fara a 2017 yana da burin na'ura ta yi shekara goma tana aiki. Kamfanin Canonical ya gwada Ubuntu Touch, har aka sayar da allo mai ɗauke da ita a 2016, amma a watan Afrilun 2017 ya janye, 'yan sa-kai na UBports suka ci gaba. Matsalar ita ce waɗannan 'yan sa-kai suna aiki ne a kan samfurorin da ke hannunsu a Turai da Amurka da Indiya. Allo mai araha da aka sayo daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Farm Centre a Kano ba kasafai ake samun sunansa a jerinsu ba.

Sakamakon haka shi ne allon da gilashinsa da batirinsa ke da lafiya yakan zama abin wasan yara bayan 'yan shekaru, saboda sababbin manhajoji sun daina karɓar tsohuwar Android ɗin da ke kansa. Idan aka raba farashi da yawan shekarun aiki, allo mai araha da ya yi shekara uku na iya fin tsohuwar kwamfutar da ta yi takwas tsada.

Duk da haka, buɗaɗɗiyar manhaja tana da amfani a kan allo ko da ba a sauya babbar manhajarsa ba. Da Kiwix ana iya ajiye kundin Wikipedia, har da na Hausa, a karanta ba tare da intanet ba. Da Kolibri, tsohuwar kwamfuta ɗaya mai Linux ko ƙaramar Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012 a kan Dala 35, za ta iya raba darussa ga allunan aji guda ba tare da sayen data ba. Ƙungiyoyin lafiya da na noma kuma suna amfani da ODK da KoboToolbox wajen tattara bayanai a ƙauyuka. A nan tsohuwar kwamfuta da sabon allo suna taimakon juna ne.

Inda Gizo Ke Saƙa

Tarihi ya nuna cewa zaɓin manhaja a makarantun Nijeriya harka ce ta kasuwa mai zafi. A shekarar 2007 aka gwada kwamfutocin shirin Nicholas Negroponte na bai wa kowane yaro kwamfuta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, kuma da Linux suke aiki. A watan Oktoban shekarar ne kuma shugaban kamfanin Mandriva na ƙasar Faransa, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana kukan cewa kwamfutoci 17,000 da aka yi odarsu da Linux domin makarantun Nijeriya ana shirin sauya musu manhaja zuwa Windows. Kowane kamfani ya san cewa abin da yaro ya koya a aji shi zai nema idan ya kama aiki.

A ɓangaren alluna kuwa, Tarayyar Turai ta ɗauki mataki. Daga ranar 20 ga Yunin 2025, dokarta ta wajabta wa masu sayar da wayoyi da alluna a ƙasashenta su ci gaba da sabunta manhaja na aƙalla shekara biyar bayan sun daina sayar da samfuri, su kuma samar da kayan gyara na shekara bakwai. Wannan doka ba ta shafi kayan da aka ƙera domin kasuwannin Afirka ba. Ke nan ya rage ga mai saye ya kare kansa, musamman gwamnatocin jihohi da makarantu masu sayen ɗaruruwa a lokaci guda, waɗanda ke da ƙarfin gindaya sharaɗi a takardar kwangila: shekara nawa za a sabunta manhajar, ana iya canja batiri, kuma za a ba da mabuɗin na'urar idan kamfani ya daina kula da ita?

Kudancin Kaduna ba ya rasa matasan da za su riƙe wannan aiki. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, akwai Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga kuma ɗimbin masu gyaran waya a bakin kasuwa waɗanda suka koyi sana'ar da hannunsu. Kuɗin da aka biya ɗayansu don ya farfaɗo da kwamfuta yana zagayawa ne a cikin gari, wanda aka kashe a kan sabuwa kuwa Dala ce ta fita ƙasar. Abin da aka koya a Bayan Loko tun farkon wannan ƙarni bai sauya ba: na'urar da ɗan gari zai iya buɗewa ya gyara ita ce mai araha, ko da ranar saye ta fi 'yar'uwarta tsada.